Amsa: Tsohuwar kwamfutata za ta iya komawa Linux?

Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ko kwamfutar gidanka da ta ƙi karɓar Windows 11 za ta iya komawa Linux, wato wata babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta kamar Windows, ba tare da ka rasa fayilolinka ba. Ƙwarai za ta iya. Cikin ire-iren Linux, Linux Mint nake ba ka shawara, nau'insa mai suna Xfce idan RAM ɗinka (ƙwaƙwalwar aikin kwamfuta) bai wuce gigabait 4 ba, don ba shi da nauyi. Kyauta ne, kuma yana zuwa da Firefox da LibreOffice, wanda ke buɗe takardun Word da Excel. Tunda Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, wannan shawarar taka ta zo a kan gaɓa. Sai dai ka fara kwashe hotuna da takardunka zuwa wani faifai daban, domin zaɓin goge faifai wajen girkawa ba ya barin komai.

Sharaɗi ɗaya: kada ka girka sai ka gwada. Ka ɗora Linux Mint a filashi da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga nan, ba zai taɓa Windows ɗinka ba. Ka duba Wi-Fi, sauti da firinta. Ni da na yi gaggawa, ina gama girkawa sai Wi-Fi ya ƙi fitowa sam. Sai da na jona wayar intanet, na buɗe manhajar Driver Manager da ke cikin Mint na sauko da direbansa, wato manhajar da ke sa na'urar Wi-Fi aiki, sannan ya kama. In kuwa da Photoshop kake neman abinci, ba ya aiki kai tsaye a Linux, gara ka bar Windows a gefe ka girka su biyun.