Ku Tambaya Mu Amsa: Hoto goma a jikka ɗaya, in bi shi ko in tsaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba mai amsa. Ni mai ɗaukar hoto ne a nan Damagaram, shagona na wajen Zengo ba nisa da Kasuwar Dole, shekara ta bakwai kenan cikin aikin. In mutum ya zo ina karɓar jikka 5 (sefa dubu biyar), in ɗauke shi in gyara mishi hoto biyar in wanke biyu a takarda. To tun kafin ƙaramar sallah wasu yara suka buɗe kusa da ni suna ta zuba promo a WhatsApp wai hoto goma jikka ɗaya, wallahi har waɗanda na ɗauki bikinsu da sunan ƴaƴansu yanzu sai su shigo su nuna min waya su ce ga abin da ake yi can. Wata biyu kenan kasuwa ta ja baya, maiɗakina ta ce in rage kawai kafin mu rasa kowa. In rage ne ko yaya?

Daga wani mai hoto, Zengo

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin mu je ko'ina ka ɗauko biro da takarda, don na lura yawancinmu masu hoto ba mu san nawa hoto ɗaya yake cin mu ba, abin da maƙwabci ke karɓa kawai muke kallo mu ɗan hau ko mu ɗan sauka.

Bari in yi maka misali, lambobin nawa ne na ƙirƙira don lissafi, kai ka sa naka na gaskiya. A ce kamararka da gilashinta ka saye su jikka 250 kuma kana sa ran su yi maka shekara uku, wata 36 kenan, kusan jikka 7 duk wata suna narkewa ko ka ɗauki hoto ko ba ka ɗauka ba. Kuma kamara ba dutsen Birni ba ce, irin ƙananan Canon da Nikon ɗin nan da muke riƙewa abin da ke buɗewa ya rufe in ka danna an ƙiyasta mishi wajen dannawa 100,000 ne, wata ta wuce wata ba ta kai ba, balle ga ƙurar hunturunmu da ke shiga har ciki. Sai hayar shago a ce jikka 20, kuran (wutar lantarki) 10, intanet 5, yaron shago 15, gyare-gyare da batir 3. Ya kama jikka 60. In mutum 30 ne ke zama gabanka a wata to kowane ɗaya ya ci jikka 2 tun ba ka sayi takarda da tawada ba, tun ba ka kai cefane gida ba, kuma ban sa man janareta ba, kai ma ka tuna yadda muka sha a 2023 lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya. Yanzu faɗa min, in ka koma jikka ɗaya wa ke biyan ɗayar? Kai ne. Kana biyan mutane su zo ka ɗauke su hoto kenan.

Za ka ce to su yaran ya suke yi. Ba sihiri ba ne. Wani da waya yake ɗauka, ya danna gyaran nan na atomatik da ke mai da fuskar kowa kamar an shafe ta da farar ƙasa, ya tura ta WhatsApp shi kenan, ba takarda ba tawada, mai yiwuwa ma a zauren gidansu yake ba haya. Wani kuma uwar kuɗinsa yake ci bai sani ba, sai ranar da kamara ta tsaya zai gane. Kar ka zage su, kar ka ɓata su gaban mutane, yaran unguwa ne abinci suke nema, kuma gobe wani cikinsu na iya zuwa koyon aiki wajenka. Kawai dai abin da suke sayarwa daban naka daban.

Ni na taɓa yin wannan kuskuren shi ya sa nake maka magana da zafi. Wata shekara wani ya buɗe kusa da ni ya karya farashi, na hau zuciya na raba nawa biyu ana saura kwana uku sallah. Shago ya cika maƙil har waje, ƴan mata da lalle da sabon ɗinki kowa na ture kowa, na yini tsaye na kwana gaban kwamfuta, na yi ta aika yaro sayen takarda. Bayan sallah na zauna na ƙirga, abin da ya rage bai kai kuɗin tawadar da na ƙone ba. Wannan ma da sauƙi. Da na zo mayar da farashi inda yake sai aka ce na yi tsada na cika son kuɗi, mutanen da shekara da shekaru suna biyan wancan kuɗin ba gardama fa! Sai da na kusa shekara kafin bakin mutane ya mutu.

To me za ka yi da wanda ya shigo ya miƙo maka waya? Kar ka ce mishi albarka ya fita, kar kuma ka sallama aikin jikka 5 a jikka ɗaya. Ka rage kaya, ba farashi ba. Ka yi mataki uku ka rubuta ka manna a bango inda kowa zai gani: na jikka 2 hoto ɗaya ko biyu a gyara a tura ba wankewa, minti goma an gama, na jikka 5 yadda kake yi yanzu, sai babba na jikka 12 ko 15 da canjin kaya da babban hoton bango cikin gilashi. Za ka ga da yawa in sun ga uku jere na tsakiya suke ɗauka, don ba mai son a ce shi ne na ƙasa kuma na saman ya yi nauyi. In dole sai ka yi wa tsohon kiliyan alheri to ƙara mishi hoto ɗaya kyauta ka ce wannan nawa ne, ya fi ka cire mishi dala ɗari, don kyauta ana godiya a manta, ragi kuwa ya zama farashinsa har abada kuma sai ya gaya wa ƴan uwansa.

Sannan ka bar aikin ya yi magana, mutanenmu sun san araha ba ta ado amma sai sun gani da ido. Ka samu hoto ɗaya da aka turo ta WhatsApp yadda aka saba, ka wanke shi babba girman A4, ka ajiye kusa da naka. WhatsApp na matse hoto in ba a matsayin fayil aka tura shi ba, a waya ba a ganewa amma a takarda zanen shadda duk sai ya cakuɗe, aikin wuyan riga ya zama kamar kunu. Hajiya da ta kashe kuɗi wajen tela da mai lalle in ta ga wannan ba sai ka yi dogon bayani ba. Amma fa hoton wani naka za ka yi gwajin da shi, ɗanka ko ƙanenka, ba na yaran can ba, kar ka jawo faɗa.

Kuma gaskiya mai ɗaci, wasu sun tafi kenan. Saurayin da ke son hoton sawa a status yau gobe ya goge, jikka ɗaya ta ishe shi kuma yana da gaskiya. Kai nemi waɗanda hoton zai zauna musu: amare, masu suna, alhazai in sun dawo, ɗaliban jami'ar André Salifou ranar da suke kare kundinsu iyaye sun zo daga Mirriya ko Magariya ko Tanut, mahaya ranar hawan sallah gaban fada da suka yi wata suna shirya kayan doki. Irin wannan aikin ka riƙa karɓar kafin alƙalami rabi, ko hannu da hannu ko ta Nita ko Airtel Money, sauran ranar karɓar hoto, kuma in ka ce Alhamis to ta zama Alhamis.

Maganar maiɗakinka kuwa kar ka yi fushi, ita tukunya take kallo. Ka zaunar da ita ka nuna mata takardar lissafin nan layi-layi. Ka gwada matakai ukun daga yanzu zuwa babbar sallah kana rubuta mutum nawa suka ɗauki wanne, sai ka sake rubuto min da lambobin mu duba ko na jikka 2 ɗin yana biyan kansa ko sai an taɓa shi.