Tambaya da Amsa: Lanhon tura kuɗi, wa zai biya shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne nan Tawa, ina saye Galmi da Madawa in loda kamyo zuwa Akara da Kumasi. Yanzu kusan duk cinikinmu ta tarho ne, ba mu ɗaukar kuɗɗi a jiki. To ga shi mun ji Mali an sa lanho bisa cirar kuɗɗi, ana ta cewa wasu ƙasashe ma haka za su yi. Abokina ya ce wanga abu na Turawa ne masu hannun jari, bai shahe mu ba. Gaskiya ne? In ya zo mi za ya rage muna?
Wani mai albasa, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah shi ba da kasuwa. Maganar abokinka da ƙamshin gaskiya, don asalin abun can ya taso. Wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, James Tobin, shi ya kawo shawarar a 1972, wai duk sanda aka yi canjin kuɗi a cire ɗan ƙwarya-ƙwaryan abu don a rage masu saye da safe su sayar da yamma. Suwidin ta gwada kan hannun jari a 1984, ta ninka shi a 1986, kafin a ankara kusan rabin cinikin ya kwashe ya koma Landan, dole a 1991 suka soke. Faransa kuwa tun 2012 take karɓar nata har gobe, amma kan hannun jarin manyan kamfanoninta kaɗai.

Sai dai fa nan wajenmu ba kasuwar hannun jari gwamnatoci suke hange ba. Akwai BRVM, kasuwar hannun jarin yankinmu, a Abijan, amma mutum nawa ne a kasuwar Katako ta Yamai suka taɓa sayen wani abu can? Inda kuɗin talaka ke wucewa a gan shi ƙiri-ƙiri tarho ne, shi ya sa ido ya koma kansa. Uganda ta sa kashi 1 cikin 100 a 2018, ka zuba a cire, ka tura a cire, ka karɓa a cire, mutane suka yi ca, ba a rufa shekara ba aka mayar da shi rabin kashi 1 kan cirar kuɗi kawai. Gana, inda kake kai kaya, ta fara nata lanhon tura kuɗi, E-levy, a watan Mayun 2022 da kashi 1.5, ta rage zuwa 1 a 2023, abin da ya shigo bai kama ƙafar abin da suka yi lissafi ba, da Shugaba Mahama ya dawo mulki aka soke shi a 2025. Na Mali da ka ji gaskiya ne, kashi 1 ne kan cirar kuɗi, a 2025 aka sa.

Yanzu zo mu yi lissafin da ya dame ka. Kashi 1 na miliyan jika 10 ne, mutum ya ce ai ba komi. Amma kuɗin albasa ba sau ɗaya suke motsi ba, mai saye ya tura ma dillali, dillali ya turo maka, kai ka tura ma yaronka Galmi, shi kuma ya cire ya biya manomi, in kowace gaɓa ana yanka to sau 4 kenan, jika 40. Mu ƙaddara ribarka kan miliyan ɗin jika 60 ce bayan kuɗin mota da duwan da buhunan da suka ruɓe a hanya, ka ga saura 20. Kar ka auna shi da jari, auna shi da riba. Ma'aikacin da ke tura ma tsohuwarsa sau ɗaya a wata zai ji cizon amma zai jure, wanda ke juya kuɗi kullum da siririyar riba shi ne zai ji a jika.

Kuma na san ku 'yan kasuwa, ba za ku haɗiye shi ku kaɗai ba, za a zaftare ma manomi ne tunda albasa ba ta jira, ko a ɗora ma mai cefane. Wasu su koma ɗaure kuɗi a ƙugu kamar da, da yadda hanyoyi suke yanzu wallahi ba na so ma kowa haka, yaran da ke zaune cikin kiyos suna cin kamasho su ma kasuwarsu ta ja baya.

Ni ban ce gwamnati kar ta nemi kuɗi ba, dole ta nema. Amma duk ranar da ka ji an kawo irin wannan doka, kar ka tsaya kan kashi nawa ne, tambayi a wace gaɓa za a cire, kuma akwai iyaka ko babu. Lokacin E-levy, Gana ta yafe sidi 100 na farko a kowace rana. Najeriya naira 50 take cira kan turin da ya kai naira 10,000, ko miliyan ka tura 50 ɗin ce, irin wannan ba zai hana ka barci ba, ƙaramin mai tebur ne zai fi jin shi. Wanda za ku haɗa kai a ƙungiyarku ta masu albasa ku yi magana kansa tun yana takarda shi ne mai kashi cikin 100, babu iyaka, a kowace gaɓa. Kafin nan, in mai saye amintacce ne ya riƙa turo maka kai tsaye, dillali a ba shi la'adarsa daban.