Tambayoyinku kan fasaha: An ce data mara iyaka ce, me ya sa take tafiyar hawainiya a tsakiyar wata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne a Kano, na sa rauta, wato na'urar raba intanet, a gida saboda karatun yara da ɗan aikina. Da naira 20,000 nake biya a wata, yanzu sun mayar da shi 30,000. Sun ce mara iyaka ce, amma kafin kwana 15 ko bidiyon WhatsApp ba ya buɗewa. Na kira su, suka ce in ƙara kuɗi. Don Allah wannan ba cuta ba ce?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Abu biyu ka haɗa, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ƙarin kuɗin yana da asali. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har kashi 50 cikin 100, bayan su sun nemi ninki. Hujjarsu ita ce rabon da a taɓa farashin tun 2013, ga man gas da ke tayar da janaretocin ƙarfen sabis ya yi tashin gwauron zabo, ga kayan aikin duk da dala ake shigo da su, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Daga 20,000 zuwa 30,000 ƙarin rabi ne daidai, ke nan ba su tsallake layin da aka shata musu ba. Da ciwo, musamman ga mai albashin da bai motsa ba, amma ba a ɓoye aka yi ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne na biyun. Yawancin abin da ake tallatawa da sunan mara iyaka yana da iyaka, sai dai an binne ta cikin ƙananan rubutu a ƙasan talla. Za a ba ka wani adadi, a ce gigabait 100 ko 150, da cikakken gudu. Da ka cinye shi ba za a yanke ka ba, sai a shaƙe gudun ya koma wanda ko hoto da kyar yake ɗauka. A takarda kana da intanet har ƙarshen wata. A falonka kuwa yarinya na riƙe da waya, darasin makaranta na ta juya 'yar da'irar nan, ta kalle ka, ka kalli fitilun rauta duk kore shar. A ganina wannan rufa-rufa ce. Wanda zai rubuta mara iyaka da manyan baƙaƙe, ya kamata ya rubuta inda za a shaƙe shi da baƙaƙe masu girman waɗancan.

Yanzu ga abin yi. Ka sake kiransu, kada ka tambaye su me ya sa take jinkiri, domin amsar a haddace take. Ka ce: gigabait nawa nake da shi kafin a rage gudu, kuma zuwa nawa ake rage shi? Ka nemi su turo maka a rubuce. Sannan ka raba kuɗin da adadin. Idan 100 ne a kan 30,000, kowane gigabait naira 300 ke nan, kuma da wannan lambar za ka gwada su da sauran kamfanoni, ba da sunan tsari ba.

Sai kuma ka duba gidanka, don wani lokacin rariyar a cikin gida take. Netflix da kansu sun ce kallo mai tsabtar hoto kan ci har gigabait 3 a awa, mafi tsabtar kuma har 7. Talabijin ɗaya, awa uku kowane dare, gigabait 9 ke nan, a kwana 15 ya zama 135. Ka ga lissafin ya yi kusa da abin da kake faɗa. Ka rage tsabtar hoto a YouTube da talabijin zuwa 480 ko 720, ka kashe saukar da bidiyo kai tsaye a WhatsApp na kowa da kowa, ka duba ko wayoyi na tura hotuna Google Photos. Idan akwai kwamfuta mai Windows, ka sanya mata cewa wannan layin na awo ne, wato datarsa a ƙirge take, don kada ta riƙa jan manyan sabuntawa cikin dare. Ka kuma juya rautar, za ka ga adireshi irin 192.168.0.1 a manne. Ka shiga ta nan ka ƙirga na'urorin da ke kai. Na taɓa duba wa wani dattijo tasa, mutum shida ne a gidan, muka tarar da waya 19. Yaro ya ba aboki lambar sirri, aboki ya ba 'yan layinsu gaba ɗaya.

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce a Kaduna, wayar faiba, wato kebul ɗin intanet, aka ja mana. Ta katse kwana tara, an ce masu haƙa kwalbati ne suka sare ta. Da wata ya ƙare suka caje ni cikakken kuɗi, har da wani kuɗin gyara. Dole ne in biya?

Amsa: Malama, kada ki yi saurin biya. Idan a titi aka sare wayar, kayansu ne, asararsu ce, ban ga dalilin ɗora miki ba. Idan a cikin gidanki ta lalace, kamar ɓera ya ci ko an taka ta da mota a tsakar gida, to nan suna da magana. Ki ɗauko takardar da kika sa wa hannu ranar da aka haɗa miki, ki ga me ta ce a kan gyara.

Kwana taran kuwa haƙƙinki ne, kin biya abin da ba ki samu ba. Ki rubuta musu ranar da ta katse da ranar da ta dawo, ki nemi a ƙara miki kwanakin ko a rage kuɗin. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lambar ƙorafi. Kada ki ajiye waya sai sun ba ki ita, domin idan suka yi burus, da ita za ki kira NCC a 622, kuma kiran kyauta ne. Akwai kuma FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye, ita ma tana karɓar irin wannan.

Mutane kan ce mini kai ƙorafi ɓata lokaci ne. Ban yarda ba. A Oktoban 2024 Starlink, kamfanin intanet na tauraron ɗan'adam, ya ɗaga kuɗin wata daga 38,000 zuwa 75,000, NCC ta fito ta ce ba da izininta ba, kamfanin ya dakatar da ƙarin a lokacin. A Fabrairun 2025 MTN ya mayar da gigabait 15 na mako daga 2,000 zuwa 6,000, jama'a suka yi ca, sai da ya fito ya ba da haƙuri.

Tambaya: Ɗalibi ne ni daga Zariya. Na sayi 'yar MiFi, ƙaramar rautar aljihu, da kuɗina, kamfanin ya yi tsada, na sa layin wani kamfani ta ƙi. In kai a fasa ta?

Amsa: Ƙanena, a kulle aka sayar maka da ita, shi ya sa ta zo da araha, ribar a datar da za ka yi ta saya take. Masu gyaran waya na buɗe wasu, amma garantinka ya tafi, kuma wata idan aka taɓa ta ba ta sake tashi. Ka fara tambayar kamfanin ko suna buɗewa da kansu. Idan sun ƙi, ka sa sabon layin a tsohuwar waya ka kunna mata raba intanet, ka gwada shi mako guda a ɗakin da kake kwana, da safe da kuma bayan isha lokacin da kowa ke kai. Idan ya yi maka, sai ka nemi wadda ba a kulle ba, ka sa layi biyu daban-daban ka gwada a gaban mai shagon kafin ka miƙa kuɗi.