Tambayoyin Masu Karatu: Ina Ma'aikacin Lafiya Zai Ƙaro Sani Kan Cututtukan Alerji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan likita na karkara cikin jihar Damagaram, kuma na jima da barin makaranta. A daminar da ta wuce an kawo mana wani saurayi a amalanke, zuma ta harbe shi a gona, leɓɓansa sun kumbura, borin jini ya feso masa, muryarsa ta dushe. Abokin aikina ya ce a yi masa allurar deksametazon, ni na ce adrenalin, muka tsaya gardama a kan yawan da za a ba shi. Allah ya kiyaye, saurayin ya rayu. Tarukan ƙara wa juna sani da ake kiran mu duk na zazzaɓin cizon sauro ne, da tamowa, da rigakafi. Ina irinmu za su koyi gane cututtukan alerji da maganinsu?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa, Allah ya saka miki da alheri. Zan fara da gardamar, domin ita ce ke iya cin rai kafin a yi maganar wani horo. Abin da kika gani shi ne anafilaksi, wato alerji mai tsanani da ke taɓa maƙogwaro, huhu da jini cikin mintoci, kuma maganinsa na farko adrenalin ne a tsokar cinya ta gefen waje. Kwalbar da aka saba samu tana ɗauke da miligiram 1 a cikin mililita 1. Babban mutum ana ba shi mililita 0.5, yaro kuwa ana lissafa masa miligiram 0.01 a kan kowane kilo na nauyinsa, ke nan yaro mai kilo 20 zai samu mililita 0.2, shi ya sa ƙaramin sirinji mai mililita 1 ya kamata ya zauna tare da kwalbar. Idan bayan minti 5 babu sauƙi, sai a maimaita. A kwantar da majinyaci a ɗaga ƙafafunsa, mai ciki a kwantar da ita ta gefen hagu, wanda numfashi ya fi damu a bar shi zaune da ƙafafu a miƙe, amma kada a bari ya tashi tsaye ko ya taka zuwa mota, saboda jini na iya faɗuwa farat ɗaya. Deksametazon yana ɗaukar awoyi kafin ya yi aiki, maganin ƙaiƙayi kuma fata kawai yake kwantarwa. Babu ɗayansu da ke buɗe maƙogwaron da ke rufewa. Bayan ya farfaɗo a riƙe shi awoyi da dama ana lura, domin ciwon yakan dawo wa wasu ba tare da an sake harbinsu ba.

Ina roƙon ki, gobe da safe ki buɗe akwatin gaggawa ki ɗaga kwalbar adrenalin ɗinku a haske. Zafi da hasken rana suna lalata maganin, kuma kin san yadda ɗakunanmu masu rufin kwano ke zama a watan Afrilu da Mayu. Idan ruwan ya juya ja-ja ko ruwan ƙasa, ko wa'adinsa ya wuce, a musanya shi.

Dangane da inda za a koya, ra'ayina shi ne kada ku zauna jiran takardar gayyata daga Yamai. Abin da aka saurara sau ɗaya a zauren taro yana gushewa cikin ƴan watanni, abin da hannu ya maimaita shi ke zama. Ki nemi shugaban gidan likitanku ya ware rabin awa a kowane wata, ɗaya daga cikinku ya kwanta a matsayin majinyaci, a duba agogo a ga mintoci nawa za a ɗauka daga shigowa zuwa zuƙo maganin a sirinji. A sa ungozoma da mai gadi da mai shara a ciki, tunda da dare su ne sukan fara ganin wanda aka kawo. A rubuta yawan maganin da manyan baƙaƙe a liƙa a bangon ɗakin allura, domin penisilin, da maganin dafin maciji, har da alluran rigakafi a wasu lokuta da ba su da yawa, duk suna iya jawo abin da zuma ta jawo.

Bayan gaggawa, babban abin da ya kamata horonku ya tsaya a kai shi ne iya tambaya. Mafi yawan alerji da baki ake gano shi: me aka ci ko aka sha, bayan minti nawa abin ya fito, ya taɓa faruwa, wane aiki ake yi, da wane lokaci na shekara yake tashi. Mai cewa penisilin ba ya karɓarsa, a tambaye shi abin da ya faru, saboda bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan tara cikin goma na masu faɗin haka ba su da alerjin, gudawa ce ko ƙurajen wata cuta suka yi tun suna yara. Haka ƙaiƙayin da kulorokin ke sa mutanenmu ba alerji ba ne. Amma yaron da ya sha kotirimokzazol ko maganin rigakafin zazzaɓin damina mai sulfadoksin, sannan bakinsa da idanunsa suka yi gyambo, fatarsa ta fara saluɓewa, wannan a tsayar da maganin nan take, a tura shi babban asibiti, a rubuta a katinsa kada a sake ba shi dangin maganin har abada. Dattijon da ke shan kaptopiril saboda hawan jini ya zo da kumburin leɓe ko harshe ba tare da borin jini ba, a fara zargin maganin. Amaryar da hannunta ya yi ƙuraje daidai zanen baƙin lalle, sinadarin rinin gashi da ake garwayawa a ciki ne ya ci ta.

Asma ita ce ta fi yawa a gabanku, musamman idan hunturu ya kaɗo ƙura ko lokacin sussuka da hayaƙin murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 262 ke fama da ita a 2019, kuma 455,000 suka rasu. A shekarar 2019 ɗin ce ƙa'idojin GINA, wato shirin duniya na yaƙi da asma, suka daina ba da shawarar a bar babba ko matashi da salbutamol kaɗai, maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin iska, suka ce a haɗa masa da maganin shaƙa mai kwantar da kumburin hanyoyin iska, irin beklometazon. Wanda ya gama makaranta kafin nan bai ji wannan a aji ba, kuma wannan kaɗai ya isa hujjar sabunta karatu. Ga yara, robar ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta aka cusa bakin maganin tana aiki kamar na'urar kanti da ke taimaka wa yaro shaƙar maganin, kamar yadda binciken da aka yi a Afirka ta Kudu ya tabbatar. Sai dai tarin da ya wuce mako biyu, a gwada majina saboda tarin fuka kafin a kira shi asma.

Littattafan GINA da na Ƙungiyar Alerji ta Duniya ana samun su a intanet, darussan Hukumar Lafiya ta Duniya kuma akwai su da Faransanci, ana iya sauke su a waya ranar da aka shigo gari. A nan gida muna da Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram da sashen koyar da likitanci na Jami'ar André Salifou. Ku rubuta buƙatarku ga likitan gunduma, ku haɗa da adadin masu asma da borin jini da kuka gani a rajistarku, domin da lissafi ake shawo kan masu tsara horo.

Tambaya: Likita, ni ɗalibin likitanci ne a Damagaram. Shin ana iya cewa mutum yana da alerji ba tare da gwajin fata ko na jini ba?

Amsa: Ana iya, ɗana, kuma sau da yawa haka za ka yi. Gwajin fata ana ɗiga abin da ake zargi a damtse, a soka kaɗan, a karanta bayan minti 15 zuwa 20, kuma ba ya aiki idan mutum ya sha maganin ƙaiƙayi a kwanakin baya. Ko ya nuna, yana nufin jiki ya san abin ne kawai. Sai labarin majinyaci ya dace da shi sannan ake cewa cuta ce. A ƙasarmu kuma tsutsar ciki da tsargiya suna ɗaga IgE da ƙwayoyin eyozinofil a jini, wato alamomin da ake dubawa a gwajin jini na alerji, saboda haka kada ka hana yaro gyaɗa ko madara don takardar gwaji kaɗai, alhali yana cin su lafiya kuma tamowa na jiran sa. Wanda ya taɓa yin anafilaksi, ko wanda asmarsa ta ƙi lafawa duk da yana shaƙar magani daidai, shi ne za ka tura wa ƙwararre.