Amsa ga ɗan'uwan da aka hana shiga jirgi da kekensa a Hamburg

Ɗan'uwa, sannu. Ka ce kana da Deutschlandticket, tikitin wata-wata na jiragen ƙasa da bas na kusa a duk Jamus, amma aka hana ka shiga jirgin ƙasa da keke, kana tambayar ina kuskuren yake. Wallahi na ji maka, wannan ciwon duk mai zuwa aiki da keke a nan ya san shi.

Tikitin nan da aka fara a Mayun 2023 kai kaɗai ya ɗauka, ban da kekenka. Dokar keke kuma kowane yanki da tasa. A nan Hamburg, shiga da keke U-Bahn da S-Bahn, wato jiragen cikin gari, kyauta ne, amma Litinin zuwa Juma'a daga 6 zuwa 9 na safe, da 4 zuwa 6 na yamma, ba a shiga da shi, sai dai a lokacin dogon hutun makaranta na bazara. Ina zargin a lokacin ka je. Idan RE ko RB, jiragen yanki masu zuwa garuruwan kusa, za ka hau, misali zuwa Bremen, sai ka sayi tikitin keke na yini tun kafin ka shiga.

Amma abin da ya fi ci min rai shi ne, ko da tikitin a hannunka, ba a yi maka alkawarin wuri ba. Taragon da aka zana wa hoton keke a ƙofa, keken guragu da na jarirai su ne a gaba, wannan kuwa daidai ne. Abin takaicin mutanen da ke zama kan kujerun nan masu naɗewa, ga kujeru birjik a ciki, ka roƙe su su tashi su kau da kai. Kwandasta ya leƙo ya ce wuri ya cika, ƙofa ta rufe, kana tsaye cikin sanyi da kuɗinka, na gaba sai bayan awa guda, mai gidan aiki kuma ba ruwansa da uzurinka. Ranar Asabar da Lahadi a lokacin zafi abin ya fi muni. Ga kuma bas ɗin da ake sawa idan ana gyaran layi, yawancinsu ba sa ɗaukar keke. Duba DB Navigator, manhajar kamfanin jiragen ƙasa na Jamus, tun da dare, in ka ga SEV, alamar irin wannan bas ɗin, a hanyarka, bar keken a gida.

IC da ICE, jiragen dogon zango, kuwa sai da tikitin keke haɗe da lambar wurin da aka ware maka. Samfurin ICE 4 wurin keke takwas kacal gare shi, shi ya sa ake saye da wuri. Wasu wuraren rataye keken ake yi da tayar gaba a ƙugiya, don haka sauke jakunkunan gefe tun kafin jirgi ya iso. Taya mai kauri sosai ba ta shiga ƙugiyar. Ka riƙa yawo da ɗan roba na ɗaurewa, birki ɗaya zai kayar da shi kan na wani.

In naka mai batir ne, wanda gudunsa bai wuce kilomita 25 a awa ba ana ɗauka, amma kada ka yi cajinsa a ciki. Mai lamba a baya, na kilomita 45, ba a yarda da shi ba.

Ni dai in kullum za ka riƙa wannan zirga-zirga, nemi keke mai naɗewa ko da na hannu ne. Da zarar ka naɗe shi ya zama kaya, ba tikiti, ba ruwanka da ƙarfe 6 zuwa 9. Kawai ka naɗe shi tun a waje kafin ƙofa ta buɗe.