Ta ina wuta ke shiga allon JAMMA?

Malam, ka ce ka sayo tsohon allon gem a Gusau mai haƙora 56, kana neman inda za ka ba shi wuta. Mai yiwuwa JAMMA ne, wato tsarin haɗa wayoyin allon injin gem, haƙora 28 kowane gefe. In JAMMA ne, a gefen da ayisi (IC, ƙananan cip ɗin da ke kan allon) suke, 1 da 2 nagatif ne, 3 da 4 bolt 5, 6 kuma bolt 12 na sauti. Giɓin da ke wurin 7 shi ne alamarka, kada ka juya soket ɗin. Na taɓa ƙona allo haka, har yau ina jin ƙaurin. Goge ƙurar hunturu daga haƙoran tukuna. In cip ɗin Z80 ne ƙwaƙwalwar allon, ɗora mitar awon wuta a ƙafarsa ta 11 da ta 29, bolt 5 za ka gani.