Me ya haɗa cukwi da rigimar jiragen sama?

Tambaya: Malam, na ji an ce Amurka da Tarayyar Turai sun sasanta kan harajin ramuwar gayya da suka ɗora wa kayan juna saboda kamfanonin ƙera jiragen sama, Boeing na Amurka da Airbus na Turai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, rigima kan jirgin sama, me ya kawo cukwi da man zaitun a ciki? Sannan an soke harajin ke nan gaba ɗaya?

Amsa: Ba a soke shi ba, dakatar da shi aka yi, kuma yawancin sulhun kasuwanci tsakanin ɓangarorin nan biyu a haka yake tsayawa.

Rigimar ta faro ne a 2004, lokacin da Amurka ta kai ƙara gaban Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, WTO, tana zargin Faransa da Jamus da Sifaniya da Birtaniya da ba Airbus rance mai rahusa don ƙera sababbin jirage. Turai ma ta shigar da tata ƙarar, ta ce ai Boeing na cin gajiyar kuɗin bincike na gwamnati da rangwamen haraji na jihar Washington. Shari'a ta yi ta ja, a ƙarshe aka samu kowa da laifinsa. A Oktoban 2019 WTO ta ba Amurka izinin ɗora haraji kan kayan Turai na dala biliyan 7.5 a shekara. Bayan shekara guda ta ba Turai izinin ramawa kan kayan Amurka na kusan dala biliyan 4.

To, ga inda cukwi ya shigo. Izinin bai tilasta a tsaya kan jirgi ba. Amurka kuwa ba ta son ta tsananta a can, domin kamfanoninta na sufurin sama irin su Delta suna sayen Airbus, kuma Airbus na da masana'anta a birnin Mobile na jihar Alabama. Sai ta sa wa jirage kashi 10 cikin 100, daga baya ta kai shi 15, amma ta lafta kashi 25 kan cukwi da zaitun da barasar inabi. Lissafin na siyasa ne. Manomin zaitun a kudancin Sifaniya bai taɓa ƙera ko ƙusar jirgi ba, amma idan ɗan kasuwar Amurka ya soke odarsa saboda kaya sun yi tsada a tashar ruwa, zai tayar wa gwamnatinsa hankali, ita kuma ta matsa wa Brussels, hedikwatar Tarayyar Turai, lamba. Turai ta bi wannan salon, ta nufi taraktoci da taba. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, sai dai a nan masu sayen kaya na gida su ma sun ji a aljihunsu, tunda mai shigo da kaya ne ke biyan harajin, ya ɗora a kan farashi.

Da Joe Biden ya hau mulki, a Maris na 2021 aka tsagaita na wata huɗu don a samu sararin magana. Ranar 15 ga Yuni, wakiliyar kasuwancin Amurka Katherine Tai da kwamishinan kasuwanci na Turai Valdis Dombrovskis suka cimma dakatarwar shekara biyar a Brussels, tare da kafa kwamitin aiki da alkawarin ba kamfanonin kuɗi bisa sharuɗɗan kasuwa. A ganina tsoron China ne ya fi zumunci tasiri a zaman: a lokacin kamfaninta COMAC yana tafe da jirginsa C919 da goyon bayan gwamnati, su kuwa suna ɓata ƙarfinsu a kan juna. Ainihin tambayar, wato wane tallafi ne ya halatta, an ɗage ta zuwa gaba.

Rigimar ƙarfe ta nuna raunin irin wannan sulhu. Donald Trump ya sa kashi 25 kan ƙarfen Turai a 2018, Turai ta rama kan baburan Harley-Davidson da wandunan jins. An sasanta a birnin Roma a Oktoban 2021, aka ba Turai damar shigar da tan miliyan 3.3 a shekara ba tare da wannan harajin ba. Da Trump ya dawo, ya maido da harajin a Maris na 2025, a watan Yuni kuma ya ninka shi zuwa kashi 50.